Jinyar mai ciwon daji: abin da ya kamata mutanen Liba da kewaye su sani

Wanda aka ɗora a kan maganin ciwon daji yakan shafe wata biyar ko shida, wani ma shekara guda, yana kai da komo tsakanin gida da asibiti. Amma idan aka tara kwanakin da zai kwana a gadon asibiti cikin wannan lokaci, ba su taka kara sun karya ba. Likita zai gan shi na 'yan mintoci ranar da aka ba shi. Nas za ta yi 'yan sa'o'i tare da shi ranar ƙarin ruwa. Sauran makonnin duka a gida zai yi su, a Liba ko Maiyama ko wani ƙauye na ƙasar Jega da Aliero, a hannun matarsa, ko 'yarsa, ko ƙanwar mahaifiyarsa. Saboda haka jinyar wannan ciwo aikin mutum biyu ne: ma'aikacin jinya da ke asibiti, da mai jinya da ke gida. Idan ba su fahimci juna ba, magani mai tsada sai ya tashi a banza.

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum 128,000 suka kamu da shi a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce a gaba, sai ta 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, sai ta bakin mahaifa. A yankinmu akwai wata da ya kamata manoman fadama da masunta su sa wa ido, wato ta mafitsara. Tsargiyar da yaro ya ɗauko a wankan gulbi ko tafki, idan ta yi shekaru tana cin mafitsara ba a magance ta ba, tana iya zama sanadin sankara bayan ya girma. Fitsarin jini ga babban mutum ba abin da za a ce zai wuce da kansa ba ne.

Hanyar da marar lafiya ke bi kusan ɗaya ce. Daga ƙaramin asibitin gari a tura shi babban asibitin Maiyama, ko na Jega, ko na Aliero. Daga nan sai Birnin Kebbi, asibitin tarayya ko na Sir Yahaya, ko kuma asibitin Kalgo. Idan ana bukatar gashi da na'ura, sai a kama hanyar Tambuwal zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, wasu kuma har Shika a Zariya ko Abuja. A kowace gaɓa ta wannan tafiya ana rasa mutane, kuma ba duka ne mutuwa ke ɗaukewa ba. Da yawa gida suke komawa, don kuɗi sun ƙare, ko tsoro ya kama su, ko ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayanin abin da ke gaba.

Gaɓar farko da aka fi gudu ita ce ta gwajin tsoka. Hoto yana nuna cewa akwai ƙullutu, amma ba ya tabbatar da ko mene ne. Dole sai an ciri ɗan ƙanƙanin nama da allura ko ƙaramin yanka, an kai ɗakin gwaji an duba. A nan ne maganar da kowa ya sani take tasowa: wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fantsama. Wannan magana ta hallaka mutane masu yawa. Abin da ke faruwa shi ne, akasari ba a kawo marar lafiya sai ciwon ya riga ya bazu, sai a yi gwaji, bayan 'yan makonni jiki ya rikice, sai a ɗora wa allura laifi. Gwajin ba ya yaɗa ciwon. Abin da ke ɓata shi shi ne sakiya, da tsagar wanzami, da ƙulle-ƙullen da ake shafawa har fata ta ɓare ta zama gyambo. Haka nan ƙashi. Aliero ta yi suna wajen ɗori, kuma sunan ba na banza ba ne, amma kumburin ƙashi da ya fito ba faɗuwa ba buguwa, mai hana barci da dare, ko karayar da ta samu dattijo don ya ɗan yi tuntuɓe, waɗannan hoto suke bukata kafin a ɗaura musu kara.

Sakamakon gwajin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni. Kafin ku bar asibiti ku tambayi nas: yaushe za mu dawo, wane ɗaki za mu je, wa za mu nema? Katin asibiti, da takardar sakamako, da hotuna, da rasit, a zuba su a jaka ɗaya a damƙa wa mutum ɗaya. Wanda ya isa Sakkwato ba takardar gwajinsa, zai iya biyan kuɗin gwajin sau biyu, ya kuma yi asarar makonni.

Ranar da sakamako ya fito, sau da yawa dangi kan ja nas gefe su ce, "Don Allah kada a gaya wa Inna, hankalinta zai tashi." Tausayi ne ya kawo hakan, ba wanda zai musa. Sai dai ni ban ga alherin ɓoyewar ba. Innar nan ita za a yi wa tiyata, ita gashin kanta zai zube, ita za ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a takardar amincewa. Wadda ba ta san abin da ke damunta ba, da ta ji sauƙi kaɗan sai ta ce a bar zuwa. Gwanar nas ba ta jefa maganar gaba ɗaya. Takan fara da tambaya: "Inna, me kika fahimta game da wannan ciwo? Kina so in yi miki bayani ke da kanki, ko in yi wa ɗanki?" Daga nan sai ta bi ta a hankali, gwargwadon abin da za ta iya ɗauka. Mace kuma tana da damar neman mace ta duba ta ko ta tsaya tare da ita. Kunya ta sa mata da yawa sun ɓoye ƙullutu a mama, ko jini bayan saduwa, ko jini bayan sun daina al'ada, har sai wari ya tona. Maigidan da aka nemi izininsa ya bayar a ranar, ya kuma bi ta asibiti, ya yi rabin jinyar.

Maganin da ya fi bukatar haɗin kan nas da mutanen gida shi ne kemo, wanda akasari ta ƙarin ruwa ake bayarwa. Ba sau ɗaya ake yi ba. Zagaye-zagaye ne, sau da yawa duk bayan kwana 21, sau shida ko takwas ga sankarar mama. Kafin kowane zagaye za a auna nauyin marar lafiya, a ɗebi jini a ga ko ƙwayoyinsa sun farfaɗo, a duba ƙoda da hanta. Idan jini bai kai ba a ɗaga ranar, kuma ɗagawar kariya ce, ba wulaƙanci ba. Za ku ga nas ta sa safar hannu da riga da abin rufe fuska tana haɗa maganin. Ba ƙyamar marar lafiya take yi ba, maganin ne mai ƙarfi, ita kuma kullum tana taɓa shi. Yayin da ruwan ke shiga, idan wurin allurar ya fara zafi kamar wuta ko ya kumbura, a kira ta nan take, kada a ce bari a daure. Wasu magungunan idan suka zube daga jijiya cikin nama suna ƙona shi. Akwai wani ja a cikinsu da kan mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, wannan launin magani ne ba jini ba.

Abin da ya fi muhimmanci a duk wannan bayani shi ne zazzaɓi. Kemo yana kashe ƙwayoyin daji, yana kuma kassara fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki. Sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan ƙarin ruwa, daidai lokacin da marar lafiya yana gida, nesa da asibiti. A wannan tsakani, cutar da lafiyayye zai shanye a tsaye tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya. Don haka kowane gida mai jinyar irin wannan ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan ya nuna 38 ko sama, ko marar lafiya na karkarwa, ko ya fara sambatu, a tafi asibiti mafi kusa a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. A gaya wa wanda aka tarar cewa yana kan kemo, a faɗi ranar da aka yi masa na ƙarshe. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a aika yaro kemis. Mai yiwuwa shi ɗin ne, amma gwaji ne zai faɗa, kuma farasitamol yana saukar da zafin ne ya rufe alamar alhali cutar na ci gaba. Amai ko gudawar da suka ƙi tsayawa, jini daga hanci ko dasashi, numfashi sama-sama, duk hukuncinsu ɗaya. Haka ciwon baya mai tsanani da ya zo da sanyin ƙafafu ko riƙewar fitsari, domin yana iya zama ciwon ne ya danne laka, kuma jinkirin kwana biyu kan bar mutum a kwance har abada.

Kariyar ba ta da wuya, sai dai tana son naci. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa marar lafiya ko abincinsa. Kwana cikin gidan sauro. Ruwan sha a tafasa. 'Yan dubiya kuwa, mun san ladan gaida marar lafiya, amma mai tari ko mura da yaro mai ƙyanda su yi gaisuwarsu daga zaure, ko ta waya. A kwana biyun farko bayan ƙarin ruwa maganin na fita ta fitsari da amai da bayan gida, don haka mai jinya ta sa safar hannu wajen kwashewa, ta wanke zanen da ya ɓaci shi kaɗai. Wannan ba yana nufin ciwon na yaɗuwa ba. Ba a ɗaukar ciwon daji ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwana ɗaki ɗaya, ko wanka da wanki. Ware wa mutum kofi da tabarma a ƙuryar gida zalunci ne da ba shi da dalili.

Abinci yakan zama abin rigima tsakanin marar lafiya da masu ƙaunarsa. Baki ya yi ɗaci, ƙamshin miya na tayar da zuciya, su kuma suna ta cusa masa tuwo. A rage yawa a ƙara sau: ɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini. Kunun gyaɗa, da wake, da ƙwai dafaffe, da kifi, da awara, da miyar zogale duk suna gina jiki, kuma ana samunsu a kasuwannin Jega da Maiyama ba sai an nemo na kanti ba. Nonon da ba a tafasa madararsa ba, da ɗanyen ganye, da abincin da ya kwana a buɗe, a jingine su sai an gama. Maganin hana amai a sha shi a lokacin da aka rubuta, tun kafin aman ya zo. Idan baki ya yi ƙuraje, a riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau da yawa a yini, a bar yaji da asuwaki mai tauri. Batun azumi a tambayi likita, addini ya riga ya ba marar lafiya rangwame. Mace mai shayarwa za a ce ta dakatar, mai aure kuma ta guji ɗaukar ciki har a gama. Gashin kai yakan fara zuba bayan mako biyu ko uku, yana kuma dawowa idan an kammala. Gara a gaya wa mace wannan tun kafin ta gani a matashin kai.

Tsime-tsime da jiƙe-jiƙe fa? Kusan ba gidan da ba a kawo su, kowa da na wanda ya ji labari. Addu'a da tofi ba sa karo da kemo. Amma saiwar da ba a san ƙarfinta ba, hanta da ƙodar da ke fama da kemo su ne za su tace ta. Abin da nas ke roƙo shi ne a gaya mata gaskiyar abin da ake sha. Ita ma wajibinta ne ta saurara ba tsawa, don wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba zai sake faɗa ba.

Bayan zagaye biyu ko uku, ƙullutun yakan motse, ciwo ya lafa. A nan ne mutane da yawa ke cewa Alhamdulillahi an samu lafiya, su tsaya. Kamar ciyawa ce da aka sare kanta aka bar saiwa a ƙasa: ruwa ɗaya za a yi ta dawo, kuma dawowar ta fi wuyar magani. Idan kuɗi ne suka yanke, a faɗa wa nas tun kafin ranar ta zo. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da ke fama da sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta maza, kuma asibitin Shika na cikin waɗanda aka fara da su. Akwai kuma gidauniyar Medicaid da Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta kafa a 2009, wadda ta yi aikin gwaji da wayar da kai a jihar Kebbi. Ba kowa ke samu ba, amma wanda bai tambaya ba ya cire kansa tun farko.

Wadda aka cire wa mama za ta koma gida wani lokaci da 'yar roba mai tsane ruwa daga wurin aikin. Nas za ta nuna yadda ake zubarwa da auna abin da ya fita. Za ta kuma koya mata motsa hannun wannan ɓangare, kamar ta riƙa tafiya da yatsu a jikin bango tana ɗagawa sama kullum, don kafaɗa kada ta sandare. Hannun yana iya kumbura ko bayan shekaru, saboda haka a kiyaye shi daga yanka da ƙuna, daka da ɗaukar tulu kuma sai an samu izini.

Gashi da na'ura sunansa ne ke tsoratarwa. Ba wuta ake sa wa mutum ba, ba ya jin komai lokacin da ake yi, 'yan mintoci ne an gama. Wahalarsa ita ce kullum ake zuwa, Litinin zuwa Juma'a, har makonni. Mutumin Liba ba zai iya zuwa Sakkwato ya dawo kullum ba, don haka masauki da guzuri da wanda zai zauna da shi, a shirya su tun kafin a fara. Na'urorin ba su da yawa a ƙasar nan, kuma sukan tsaya, gara a karɓi lambar sashen a kira kafin a hau mota. Alamar da aka zana a fata kada a goge ta. Wurin a wanke shi da ruwa mai ɗan ɗumi ba dirza, ba man zafi, ba turare, a sa tufa mai laushi marar matsi. Wanda aka haska daga waje ba ya ɗauke da komai a jikinsa, zai iya rungumar jikokinsa da yamma.

Akwai waɗanda za a ce musu ciwon ya wuce warkewa. Wannan ba ya nufin jinya ta ƙare, a nan ma ta fi yawa. Babu dalilin barin mutum yana ihu dare da rana da sunan haƙuri. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin kashe raɗaɗin ciwon daji: a fara da mai sauƙi, a hau zuwa mai ƙarfi har mofin, ta baki, kuma bisa agogo. Ruwan mofin yawanci duk bayan awa huɗu ake ba da shi, ba sai zafin ya dawo ba. Dangi kan ji tsoron zai zama ɗan ƙwaya, ko maganin zai gaggauta ajali. Idan likita ne ya tsara aka bi ƙa'ida, abin da ya fi yawan jawowa shi ne taurin bayan gida, shi ya sa ake haɗa shi da mai sassauta ciki. A kulle kwalbar inda yara da samari ba za su kai ba, kada kuma a musanya shi da tiramol na kasuwa.

Gyambon da ya fashe yana wari shi ne abin da ya fi sa mutum ya tsani kansa. Ana wanke shi a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce, lita ɗaya da ƙaramin cokali biyu na gishiri. Idan bandeji ya manne a jiƙa shi kafin a cire, don kada jini ya ɓalle, idan kuma ya ɓalle a danna da tsumma mai tsabta a nemi taimako. Nas na iya nuna yadda ake barbaɗa garin filajil a kai, yana rage warin sosai. Wanda ba ya iya tashi a juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗu, a shanya shimfiɗar da ta jiƙe. Jami'an lafiya na ƙananan asibitoci, waɗanda da yawansu a kwalejin kiwon lafiya ta Jega suka yi karatu, za su iya canza robar fitsari da wankin gyambo a kusa da gida, idan asibitin da ya sallami marar lafiya ya rubuto musu abin da za su yi. Ku nemi wannan takarda kafin ku fito.

Ita ma mai jinya mutum ce. Sau da yawa mace ɗaya ake bar wa komai, ga girki, ga yara, ga rashin barci, har ita ma ta kwanta. 'Yan'uwa su raba kwana, wanda ke birni ya ɗauki kuɗin mota da magani, maƙwabta su karɓi girki ko ɗibar ruwa. 'Yan matan gidan kuma masu shekara 9 zuwa 14 a kai su a yi musu allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023. Sau ɗaya ake yi, kuma a ƙaramin asibitin gari za a tambaya.